Laftof Ɗin da Bibi Ndimyake Ta Zaɓa da Kunne

“Ɗauke ta daga cinyar yarinyar nan,” in ji Bibi Ndimyake. “Wannan bebiya ce.”

Ko layi biyu ban kai ba. Hannayena suna ƙarƙashin zanen da ta sa aka lulluɓe su da shi, yatsuna suna kan madannan laftof ɗin da na yi mako guda ina kallon hotonta a waya kafin in yi barci. Siririya ce, ba ta fi littafi nauyi ba, launinta kamar sararin sama lokacin da rana ke shirin leƙowa daga bayan dutsen Loleza. Na riga na ga kaina riƙe da ita a ƙirji ina ratsa harabar jami'a a Dodoma, iska tana kaɗa min siket, wani yaro mai tabarau yana waiwayowa.

Gwakisa ya dafe tumbinsa. “Haba matata! Bebiya kuma? Wannan ita 'yan jami'a ke rububi. Jiya ma wata 'yar likita ta so ɗauka, na ce a'a, ta Atuganile ce.”

“Miji na banza,” in ji Bibi. “Ka shigo gaishe ni ko ayaba ɗaya babu a hannunka, sai ƙarya cike da jaka. Na ce ban ji motsinta ba. Abin da ba a jin motsinsa ta yaya za a san ko yana aiki?”

Gwakisa ba mijinta ba ne. Wasan kaka da jika ne tsakaninsu tun yana tsallaka shingenta ya saci gwaiba. Yanzu ya haura arba'in, yana da shago a kasuwar Mwanjelwa inda yake sayar da kwamfutocin da Turawa suka gaji da su. Ba ya kai wa kowa kaya gida. Amma da Mama ta je ta ce masa Bibi ce ke so ta zaɓa min, kuma Bibi ba ta iya sauka daga gado, sai ya rufe shago da rana tsaka ranar Alhamis, ya sa guda uku a jaka, ya hau babur ya zo unguwarmu ta Isanga.

Gidanmu da nata shingen furanni ne kawai ya raba, da wata bishiyar jakaranda da har yau ba a san ta wa ce ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a kotu. Da ta yi ritaya ta ɗauko tata ta kanta, wata baƙa mai nauyin buhun masara, ta kafa ta a baranda. Wasiƙar neman aiki, takardar gado, koken fili, duk ita. Amma abin da aka fi saninta da shi tarihin mamaci. A wajenmu ba a sa mutum a rami sai an tsaya an karanta inda aka haife shi, da abin da ya yi, da waɗanda ya bari. Duk wanda ya mutu a Isanga cikin shekara ashirin, ta ƙarƙashin yatsun Bibi ya bi ya wuce.

Tana kuma koya wa 'yan mata. Dokarta ɗaya ce, irin wadda ta taho da ita daga makarantar sakatarori ta Tabora: a rufe hannu da zane, ta yi shifta, ki cika shafi guda ba tsayawa, ba leƙe, ba kuskure. Ranar da kika yi haka za ta ce, “Ya yi.” Shi ke nan. Ba takardar shaida, ba biki. Amma 'yan mata goma kawai suka taɓa jin kalmar nan daga bakinta, kuma kowa a unguwa ya san sunayensu. Akwai wadda take aiki a banki a Dar es Salaam, duk Kirsimeti sai ta zo ta durƙusa a barandar nan.

Ni shekara uku na yi a kan kujerar. Ciwon suga ya cinye idanun Bibi a shekarata ta biyu, amma bai taɓa kunnenta ba. Tana jin inda na yi jinkiri, tana jin inda gabana ya faɗi na ɗaga bakin zane na leƙa. Ban taɓa jin “ya yi” ba. Yanzu ga shi Lahadi zan shiga motar Dodoma, ga shi asibiti sun sallamo ta da ƙafafu kumburarru da jakar magani, likita ya ja Mama gefe ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Kwana uku suka rage min. Ita kuma ban san nawa suka rage mata ba.

“Kawo ta biyun,” in ji ta.

Gwakisa ya karɓi kyakkyawar daga cinyata. Sai da na bi ta da ido har ta shige jaka. Ta biyun ƙatuwa ce, da ya kunna ta sai fitilu ja da kore suka kama yawo a ƙarƙashin madannan kamar shagon aski.

“Wannan doki ce,” in ji shi. “Ƙwaƙwalwarta ta fi ta mijinki. Ko fim ɗari Atu ta zuba ba za ta yi nishi ba.”

“Karatu za ta je ko kallo? Miƙo min nan in taɓa.”

Ya ɗora mata a kan bargo. Yatsunta sun kumbura har zoben aurenta ya nutse, amma ta bi madannan da su a hankali, layi-layi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A ɓangaren hagu ta tsaya.

“Mai wannan baƙaƙe huɗu kawai ya sani a duniya. Ji nan, sun sile kamar dutsen wanki. Sauran kuma ko taɓa su bai yi ba. Wane irin rubutu ne wannan?”

Gwakisa ya fashe da dariya. “Wasa yake yi da ita, Bibi. Irin na harbe-harbe.”

“To ka mayar wa uwarsa. Kuma tana hura min zafi a cinya kamar murhu. Wannan in an ɗauke wuta minti nawa za ta yi?”

Ya sosa ƙeya. “Awa ɗaya da rabi. In an lallaɓa ta.”

“Ka ji. Ta ukun.”

Mama ta shigo da tiren shayi da wainar fulawa, ta ajiye a kan akwatin da ke gefen gado, ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu. Bana tun 'ya'yan fiya suna kan bishiya ta sayar da su saboda laftof ɗin nan, amma ba ta ce uffan a kan wadda za a ɗauka ba. Ta ce ita abin da ta sani tukunya ce.

Gwakisa ya yi jinkiri kafin ya zaro ta ukun. “Wannan fa don cika jaka na sako ta,” in ji shi. “Kada Atu ta tsine min.”

Baƙa ce, mai kauri, kusurwarta ɗaya a fashe an liƙe da gam. A bayanta akwai tabon wata takarda da aka ɓamɓare. Ta yi kama da abin da ake danne ƙofa da shi kada iska ta rufe. Na ji hawaye na neman zuwa tun kafin a ce komai.

Bibi ta bi ta da yatsu, sai ta ɓata rai. “Me ka manna a kansu?”

“Takardar baƙaƙe ce. Na asalin sun goge, shi ne muke liƙa sababbi don mai saye ya gani.”

“Ka rufe mata ido ke nan. Ɓamɓare min na tsakiyar nan biyu, inda manuniya ke zama.”

Ya sa farce ya ɓamɓare. Ta mayar da yatsunta, ta lalubo 'yan ƙurajen nan biyu da ake yi wa madannai don hannu ya gane gida ba sai ido ya duba ba. Na ga kafaɗunta sun sauka. Daga nan ta gangara kan dogon madannin ƙasa, na tazara, ta yi ta shafa gefensa na dama da babban yatsa.

“Ji nan, Atu. Kawo hannunki.” Ta kama yatsana ta ɗora. Wurin ya yi santsi, har ya ɗan loma. “Wannan wata ce ta zauna ta yi aiki. Shekaru. Da yatsu goma, ba irin tsattsagar kaza ta mijina ba. Kuma har hannunta ya ci ƙarfe injin bai gaji ba. Gwakisa, in ta lalace a Dodoma akwai mai gyara?”

“Wannan? Ko mai gyaran rediyo zai gyara ta. Kayanta kamar tumatir suke a kasuwa.”

“Batir fa? Kada ka yi min ƙarya, ina dab da zuwa inda zan kai ƙararka.”

“Bibi!” in ji Mama daga bakin ƙofa.

“Awa biyar,” in ji Gwakisa a hankali. “Sabo na sa mata. Na rantse da kabarin mahaifiyata.”

“Ni na buga tarihinta, ka yi hankali da abin da kake rantsuwa da shi. Atu, zauna. Rufe hannu.”

Na ɗora ta a cinya, nauyinta ya danne ni. Mama ta yafa min zanen, wani tsohon kanga mai ruwan ɗorawa wanda duk 'yan matan nan goma suka yi gumi a ƙarƙashinsa. Bibi ta fara shiftar da ta saba, wasiƙar nan ta kotu da na haddace tun ina shekara sha shida: zuwa ga magatakarda, bisa ga takardarka mai lamba kaza. Na fara bugawa. Sai ɗakin ya cika da ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar farkon ruwan sama a kan kwano. Madannan suna nutsewa su dawo, suna amsa min.

Bibi ta karkata kai, idanunta farare suna kallon rufi. Bakinta ya motsa.

“Wannan tana magana,” in ji ta. “Amma akwai wani madanni can sama a dama da ɗan yatsanki ke ta kai wa ziyara. Ƙararsa daban. Mene ne?”

“Na gogewa ne, Bibi.”

“Kin yi kuskure ne?”

“A'a. Na dai zaci na yi.”

“Na ragwaye ne. A zamaninmu in kin yi kuskure takarda uku kika ɓata har da ta kabon, alƙali kuma yana jira. Kada in ƙara jin sa. Buɗe sabon shafi.”

Na buɗe.

“Tsakiya. Manyan baƙaƙe. Tarihin Marigayiya Ndimyake Eliza Mwakalinga.”

A waje wani mai gawayi yana wucewa yana kiran kasuwarsa. Mama ce ta fara magana.

“Bibi, don Allah. Wace irin magana ce wannan da rana tsaka?”

“Da dare kike so in yi ta? Kin je jana'izar tsohon nan mai gyaran keke watan jiya. A shago aka buga masa. Kin ji abin da aka karanta? Sun kashe shi shekara biyu kafin a haife shi, mutane suna toshe baki a bakin kabari. Ni ba za a yi dariya a kaina ba. Mutum ɗari nawa na raka da takarda mai tsabta, ni kuma a raka ni da shirme? Atu, ina jira.”

Na gyara zama. Na lalubo ƙurajen nan biyu, na kama su kamar mai kama igiya a rijiya. Na buga.

Muryarta ta sauya, ta koma irin ta ofis, kowace kalma da iyakarta, tana faɗin waƙafi da aya kamar sunayen mutane. An haife ta a Masoko ta gundumar Rungwe a shekarar 1951, ta uku a wajen mahaifinta. An yi mata baftisma a shekarar da ta biyo. Ta yi firamare a ƙauye, ta yi sakandare a Tukuyu, ta tafi Tabora a jirgin ƙasa da akwatin katako. Na ga yarinyar a idon zuciyata, siririya, tana leƙen taga, ita ma ba ta san kowa a inda za ta ba. Ta kama aiki a kotu a 1972. Ta auri Ambokile Mwakalinga, malamin makaranta, a 1975, ya riga ta tafiya a 1998.

“Sabon sakin layi. Allah ya ba su ɗa guda, waƙafi, Lusajo, waƙafi, ya karɓi abinsa yana da wata huɗu. Aya.”

Ban taɓa sani ba. Shekara goma sha tara ina tsallaka shingen nan, na ci abinci a kwanonta, na yi barci a kan gadon nan ranar da aka kai Mama asibiti, ban taɓa jin sunan nan ba. Duk unguwa cewa ake yi Bibi ba ta taɓa haihuwa ba. Hannayena suka tsaya a ƙarƙashin zane. Ba su daɗe ba, kamar numfashi biyu. Sannan na buga sunan, harafi-harafi, hawaye yana sauka a kan kangan yana yin ɗigo-ɗigo masu duhu.

Bibi ta gyara murya. Ta ci gaba. Ta yi ritaya a 2003. Ta yi hidima a ƙungiyar matan coci. “Ta yaye 'yan mata 10 a aikin tafireta. Da lamba za ki rubuta, ɗaya da sifiri.”

Na buga ɗaya, na buga sifiri. Babu ni a cikinsu.

“Ta yi jinyar ciwon suga da na zuciya. Ta rasu ranar, bar fili, dogo, yadda zai ɗauki rana da wata. Aya. Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Shi ke nan. Gwakisa, kai ne mai ido. Karanto min daga sama, kada ka tsallake ko waƙafi.”

Gwakisa ya karɓi laftof ɗin ya karanta. Sau biyu yana tsayawa ya ja hanci ya ce mura ce ke damunsa, ƙurar Mwanjelwa. Ya kai ƙarshe.

“Babu kuskure ko ɗaya,” in ji shi. “Wallahi matata, ko ɗaya.”

Na zuba wa bakinta ido. Ina jiran kalma biyun nan.

“Ita za a ɗauka,” in ji Bibi. “Ka ɓamɓare sauran takardun nan, ba ta bukatarsu. Ka kuma ba ta jaka mai kyau, ba irin buhun da ka zo da shi ba. Ku tafi, na gaji.”

“Bibi,” na ce. “Shafin fa?”

“Kin tsaya.”

“Numfashi kawai na ja.”

“Kin tsaya, Atuganile. Na ji.” Ta juya fuskarta bango.

Ranar Juma'a ban yi wa kowa magana mai daɗi ba. Laftof ɗin tana kan teburina kamar baƙin dutse, madannanta tsirara, rabin baƙaƙen sun goge. Mama tana soya min gyaɗa, tana ɗura shinkafar Kyela a ƙaramin buhu, tana lissafa abin da ba zan samu a Dodoma ba: ruwa mai daɗi, ayaba ta gaske, sanyi.

“Kin kumbura fuska kamar an hana ki miji,” in ji ta. “Saboda waccan mai kalar jan-baki?”

“Ba ita ba ce.”

“To mene ne?”

“Shekara uku, Mama. Kalma biyu kawai. Me za su rage mata?”

Mama ta juya gyaɗa. “Ni ma ban san da yaron ba,” in ji ta. “Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka. Je ki kai mata kunu.”

Na kai. Tana barci, bakinta a buɗe, numfashinta yana fita da wata ƙara kamar ana jan kujera a ɗaki mai nisa. Matan coci biyu suna zaune a tabarma suna rera waƙa can ƙasa. Na ajiye kunun, na fita baranda, na ɗaga rigar tafiretar. Ƙurar wata biyu ta kwanta a kanta. Na tuna ranar farko da na zauna a nan, ta buge min yatsu da rula ta ce hannuna kamar na mai kwaɓa fulawa. Na tuna yadda take ba ni rabin lemunta in na yi kuka. Na so in koma shekara sha shida, in sake farawa, in yi ta faɗuwa har abada muddin tana zaune a kujerar nan tana cewa a sake. Na goge ƙurar da gefen zanena na mayar da rigar.

Ranar Asabar da hantsi ina shanya kayan da zan tafi da su, Mama ta leƙo ta saman shinge.

“Tana kiranki. Ta ce ki zo da injin.”

Na same ta an jingina ta da matasai uku. Ta ƙanƙance cikin kwana biyu, kamar an zare wani abu daga cikinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗora hannu a kaina, hannun ba nauyi.

“Kin zo da mummunar?”

“Na zo da ita, Bibi.”

“Kina jin haushina.”

“A'a.”

“Ƙarya. Tafiyarki ma ta nuna.” Ta huta, ta nemi numfashi. “Buɗe takardar nan. Akwai kuskure.”

Na ɗago kai. “Gwakisa ya ce babu.”

“Gwakisa me ya sani, ban da cin wainar mutane. Nawa ne kuskuren, ba naki ba. Rufe hannu.”

Mama ta yafa min kangan. Na buɗe shafin.

“Kwana biyu ina kwance ina sauraron tsayawar nan taki,” in ji Bibi. Sai na matsa kusa kafin in ji ta sosai. “Ranar da aka binne Lusajo, Litinin ce. Laraba na koma ofis. Shari'ar shanu ake yi, na buga shafi goma sha huɗu, ban tsaya ba. Aka yaba min. Mahaifinsa bai ƙara ambatar sunansa ba, don kada in yi kuka, ni ma ban ambata ba don kada ya yi. Shekara arba'in da bakwai.” Ta yi tari, Mama ta goge mata baki. “Babu wanda ya taɓa tsaya wa yaron nan. Sai ke.”

Na goge hawaye da kafaɗata.

“Sauka layin 'yan mata. Kin kai? Je ki bayan sifirin. Madannin nan naki na ragwaye, yana nan?”

“Yana nan, Bibi.”

“Danna shi. Sau ɗaya. Ina so in ji.”

Na danna. Ƙas.

“Sa ɗaya.”

Ƙas.

“Karanto.”

“Ta yaye 'yan mata goma sha ɗaya a aikin tafireta,” na karanta, ban san yadda muryar ta fita ba.

Ta lumshe idanunta da ba sa gani. “Ya yi,” in ji ta. Sannan, bayan ɗan lokaci: “Kada ki bar ta a rana. Kuma ki riƙa cin abinci, mutanen Dodoma ba su iya girki ba.”

Na kifa kaina a kan bargonta, ta bar hannunta a gashina. Muka zauna haka har matan coci suka dawo da azahar, Mama ta ce in je in kwashe shanya kada rana ta cinye launin kayan.

Ina ninke siket na uku na ji kukan Mama ya tashi daga ɗakin, dogo, irin wanda ba a yi sai sau ɗaya ga mutum ɗaya. Sai na matan ya biyo baya. Kafin la'asar gidan ya cika. Maza suka kafa rumfa a ƙofar gida, aka kwaso bencina daga coci, mata suka ɗaura zannuwa a ƙugu suka hura wuta a bayan gida. Wani ya je tasha ya mayar da tafiyata Laraba. Dattijon coci ya tsaya a tsakar gida yana raba aiki: wane zai je wajen masu akwati, wane zai sanar da dangi a Masoko.

“Tarihi fa?” in ji shi. “Wa zai rubuta? Ita ce mai yi mana, yanzu kuma…”

“An rubuta,” in ji Gwakisa. Ban ga shigowarsa ba. Idanunsa sun yi ja, a hannunsa akwai nonon ayaba guda, ya rasa inda zai ajiye. Ya juyo wajena. “Atu, cike filin nan ki ba ni, in kai a fitar a takarda kafin su rufe. Mai kauri zan sa su yi amfani da ita. In ta ga ta banza ce sai ta biyo ni har shago.”

Na ɗauki laftof ɗin na fita baranda, inda hayaniya ba ta kai sosai ba. Na zauna a kujerata ta kullum, kusa da tafiretar da ke cikin rigarta. Kujerar Bibi tana gefe, matashinta har yanzu da lomawar zamanta. Na buɗe shafin na sauka ƙasa. Ta rasu ranar, sai fili, dogo, ɗan layin nan siriri yana ƙiftawa a bakinsa.

Na yafa kangan a hannayena. Yatsuna suka lalubo ƙurajen nan biyu, babban yatsana ya kwanta a loman da wata mata da ban sani ba ta bari. Na ɗaga kai ina kallon shinge, na buga: Asabar, 19 ga Oktoba.

Na bar hannayena a inda suke, na karkata kunne wajen kujerar. Iska ta taso daga wajen dutse ta girgiza jakarandar, furanni masu launin shuni suka zubo a baranda, guda biyu suka sauka a kan zanen.